Kujeru Tara na Kotun Ƙolin Amurka

Kundin tsarin mulkin Amurka bai faɗi adadin alƙalan Kotun Ƙoli ba. Majalisar Dokoki ce ke tsayar da shi, kuma tana iya sauya shi da doka ɗaya. A 1789 su shida ne, suka zama bakwai a 1807, tara a 1837, goma a 1863. A 1866 majalisa ta rage kujerun, abin da ya hana Shugaba Andrew Johnson naɗa ko alƙali ɗaya, sai a 1869, bayan saukarsa, aka mayar da su tara. Masu kiran a ƙara alƙalai suna da gaskiya idan suka ce lambar tara ba wahayi ba ce.

Duk da haka ina ganin ƙarin kuskure ne, kuma labarin Franklin Roosevelt ya isa hujja. Kotun ta soke wasu manyan dokokinsa na farfaɗo da tattalin arziki. Bayan ya lashe zaɓen 1936 da gagarumin rinjaye, sai ya nemi a ba shi damar naɗa sabon alƙali a kan kowane mai ci da ya haura shekara 70 bai yi ritaya ba, har mutum shida. Ya fake da cewa aiki ya yi wa tsofaffin yawa, alhali kowa ya san inda aka dosa. Jam'iyyarsa ta Dimokurat ce ke riƙe da Majalisar Dattawa, amma a Yulin 1937 majalisar ta binne ƙudurin da ƙuri'a 70 da 20. 'Yan gida ne suka taka masa birki, domin sun hango ranar da wuƙar za ta koma hannun abokin hamayya.

Fushin 'yan Dimokurat na yau yana da tushe. An ƙi sauraron Merrick Garland a 2016 da hujjar zaɓe ya ƙarato, sannan aka tabbatar da Amy Coney Barrett a 2020 saura mako guda a kaɗa ƙuri'a. Daga nan wasunsu suka gabatar da ƙudurin kai kujerun 13 a 2021. To, me zai hana ɗaya ɓangaren kai su 17 ranar da ya samu rinjaye? A Benezuwela an ɗaga adadin daga 20 zuwa 32 a 2004, zamanin Hugo Chavez, kuma tun daga lokacin kotun ta zama 'yar amshin shatar fadar gwamnati.

Ainihin ciwon shi ne naɗin har mutuwa, wanda ya mayar da kowace kujera caca a kan lafiyar tsoho. Jamus ta kauce wa wannan: alƙalan kotun tsarin mulkinta 16 ne, kowanne wa'adi ɗaya na shekara 12. Shawarar wa'adin shekara 18 da ake tattaunawa a Amurka za ta bai wa kowane shugaba naɗi biyu a zango guda, ko wace jam'iyya ya fito.