Kwatano ta yi kyau, amma ina rabon mutanen Zango?

Duk wanda ya daɗe rabonsa da tsakiyar Kwatano, ya tare zemijan da la'asar ya ce a bi da shi ta titin Marina. Katangar tashar jiragen ruwa, wadda a da babu komai a jikinta sai ƙura da hayaƙin manyan motoci, yanzu zane ne kala-kala ya rufe ta har ɗaruruwan mita. Gaba kaɗan ga filin Amazon, inda mutum-mutumin jarumar Dahome mai tsayin mita 30 yake tsaye tun watan Yulin 2022. Da yamma wurin cika yake da iyalai, yara na guje-guje, ga iskar teku, kuma ba a biyan ko dala. Gaskiya an yi aiki, kuma wannan jarida ba za ta ɓoye yabo ba.

Sai dai in mutum ya tsaya ya duba taron, zai ga namu ba su da yawa, alhali daga Zango zuwa wurin ba wata tafiya ba ce. Wasu na cewa wurin na masu kuɗi ne da baƙi masu ɗaukar hoto. Wasu kuma gunkin ne ba ya kwanta musu a rai, kuma mun fahimci wannan. To amma ai ba wanda ya ce a rusuna masa. Filin na gari ne, kuma harajin mai tsire da ɗan canji da dillalin albasa yana cikin abin da ake gyara garin da shi.

Akwai kuma tsohon miki. A watan Janairun 2017, ƙasa da shekara guda da hawan Patrice Talon, aka shiga rushe rumfuna da tebura a bakin tituna. Masu ƙaramin jari da yawa sun kwana da sana'a, sun wayi gari babu. A daidai lokacin ne aka hana ibada a kan titi, abin da ya fi taɓa masu sallar Juma'a, domin masallatanmu ba sa ɗaukar jama'a. Sai da shugabannin Musulmi suka zauna da shugaban ƙasa sannan ƙura ta lafa. Wanda ya ga wannan da idonsa, in ya ji an ce za a ƙawata gari, gabansa ne ke faɗuwa.

Abin lura shi ne, zaman da aka yi ya biyo bayan hukunci ne. Haka muke kullum: sai katafila ta iso muke neman wanda zai yi magana da yawunmu.

Ga maganar Dantokpa nan. Gwamnati ta daɗe da bayyana shirinta na tayar da kasuwar daga bakin ruwa, a kai masu sari Akasato, masu atamfa da kayan kwalliya kuma kusa da filin wasa na Mathieu Kérékou. Sababbin kasuwannin unguwanni, irin ta Kajehun da aka buɗe a 2024, suna da tsabta da tsari, ba musu. Amma rumfa a irin waɗannan wurare da rajista ake samunta. Mai shago da takardarsa zai samu. Ɗan dako fa? Yaron da ke kasa kaya a gaban shagon maigidansa shekara goma, sunansa ba ya cikin kowane littafi, ina za shi? Kuma wannan ya zo ne a lokacin da rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya riga ya karya direbobi da masu fiton kaya da masu masauki, waɗanda tashar nan ce abincinsu. Gadar Malanbil da Gaya ta yi shiru, Zango ma ta ji a jikinta.

Saboda haka kiranmu ga sarakunan Zango da limamai da shugabannin 'yan kasuwa shi ne, kada su jira gayyata. Su rubuta sunayen ƙananan masu sana'a da hannunsu, su taimaka wa marasa takardar shaida su yanka, su kai jerin ga hukumar kasuwanni da magajin gari. Su kuma nemi a tanadi wurin alwala da ɗan wurin salla a duk sabuwar kasuwa da filin shaƙatawa. Magidancin da ya kai iyalinsa filin Amazon da la'asar, magariba za ta riske shi a can, kuma bai kamata ya zaɓa tsakanin salla da tara ba.

Mu kuma sauran jama'a, Alhaji da Hajiya, a ɗebi yara ranar Lahadi a je. A nuna musu jiragen da kayansu ke ciyar da gidajenmu, a bi da su ta shataletalen filin jirgin sama su ga Biyo Gera na ƙasar Bargu a kan dokinsa, wanda ya yaƙi Faransawa har aka kashe shi a 1916. A riƙe tabarma da buta a hannu, kafin a gina mana wurin.