Ramin Da Aka Haƙa Jiya Ba Shi Ne Na Yau Ba

A ranar 3 ga watan Yuni, 2024, wani ramin haƙar ma'adinai ya rufta a kan ma'aikata a Galadima Kogo, cikin Ƙaramar Hukumar Shiroro ta Jihar Neja, bayan ruwan sama mai yawa da ya jiƙa ƙasar wurin. An yi kwana da kwanaki ana tono, amma da dama daga cikinsu ba su fito da rai ba. Mai karatu zai ce ai wannan sha'anin masu ma'adinai ne. To, abin da ya kashe su shi ne yake jiran leburan da ya shiga ramin harsashin gini, ko na sokawe, ko kwalbatin hanya, ko rijiyar da matasanmu suke haƙawa da aikin gayya a harabar majami'a.

Kuskurenmu shi ne mukan ɗauki gefen rami kamar bango. Ba bango ba ne. Ƙasa tana tsaye ne domin 'yar'uwarta ta tokare ta, in aka kwashe wannan, sauran tana neman inda za ta faɗa. Nauyinta kuwa ba na wasa ba ne: ƙasa mai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi takan kai tan ɗaya da rabi, watau nauyin buhun siminti 30. Mutumin da ta rufe zuwa ƙirji kawai, ko kansa yana waje, numfashi yakan gagare shi.

Sa'an nan ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Jigawa mai rairayi ba ta riƙe kanta ko kaɗan. Baƙar laka irin ta wajen Numan takan kumbura da damina, ta tsattsage da rani, har ta fasa ginin da aka ɗora mata. Wadda ta fi yaudara ita ce ƙasar ciko. A garuruwanmu da yawa an cike tsofaffin kududdufai da shara da ɓaraguzai, aka yanka filoti aka sayar, mai saye kuwa bai tambayi tsofaffin unguwa abin da yake wurin dā ba. Ko jar ƙasa mai tauri da diga take tsalle a kanta a watan Maris, in ta sha ruwan Agusta ta zama wata aba dabam. Ramin da ya kwana cikin ruwa sai an sāke duba shi kafin kowa ya sauka.

Maganin ba boyayye ba ne. A Amurka doka ta ce ramin da ya kai ƙafa 5 dole a tokare gefensa, ko a kwantar da bakinsa ya yi gangare. Ƙasar da aka haƙo a janye ta aƙalla ƙafa 2 daga baki. In zurfi ya kai ƙafa 4 a sa tsani ko wata mafita kusa. Babu abin da ya fi ƙarfinmu a nan. Katako ne da tsani da haƙuri. Amma ku je wurin gini ku gani: an tula ƙasa a bakin rami, an jera bulo a kanta, tifa kuma tana ja da baya har gaɓa.

Me ya sa? Domin wanda yake yanke shawara ba shi ne yake sauka ba. Ɗan kwangila yana lissafin kuɗin katako, lebura kuwa ɗan aikin yini ne, in ya ce yana tsoro, akwai goma a bakin titi da shebur a hannu. Kwamitocin gininmu ma ba su kuɓuta ba. Mukan yi baiko na musamman domin kwano da fenti, amma kuɗin injiniyan da zai gwada ƙasa sai a ce ɓarna ce.

In kuwa abin ya riga ya faru, kada jama'a su ruga bakin ramin, gama nauyinsu yakan jawo rufta ta biyu a kan masu ceto. A kashe injin duk motar da take kusa, a tokare gefe tukuna, kusa da mutumin kuma a yi tono da hannu da ƙaramin shebur, ba da katafila ba.