Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

'Yan'uwa ɗalibai, a watan Mayu na 2025 gobara ta cinye wani tsohon gida mai suna Nottoway, a bakin kogin Misisifi, cikin jihar Luwiziyana ta Amurka. Na ji wasu suna ta juyayi, wai an yi hasarar tarihi. Ni kuwa tambayata ita ce, tarihin wa?

Ban musa kyawun gidan ba. An gama gina shi a 1859, bene mai ɗakuna 64, da dogayen ginshiƙai, da babban zauren rawa fari fat tun daga daɓe har rufi. Henry Howard ne ya zana shi, John Randolph manomin rake ya mallake shi. Waɗannan sunaye biyu suna nan a rubuce. To, su wa suka gasa tubalin? Su wa suka sari raken da ya biya kuɗin ginin, suka kwana gaban tukunyar dafa sukari? Bayi ne baƙar fata, sama da 150, waɗanda ke kwana a 'yan bukkokin katako nesa da idon baƙi. Sunayensu fa?

Abin takaici, kafin gobarar an mayar da gidan masauki da wurin bikin aure. Amarya ta sha ado, a ɗauki hoto a inda aka mallaki mutum kamar akuya! Alhali kuwa a jihar nan akwai gidan Whitney, wanda tun 2014 aka buɗe shi domin ba da labarin bayin da kansu, har da sunayensu a jikin bango. Ashe ana iyawa, ƙi ne kawai.

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma muna da gandu da rinji. Mukan yaba soron sarakuna da ganuwa, mu haddace sunan mai gida, ba mu taɓa tambayar wa ya kwaɓa ƙasar, wa ya nome gandun Fanisau ba. Saboda haka ina kira gare mu, ɗalibai da malamai, duk wanda zai rubuta tarihin wani gini, ya fara da masu ɗaukar tubali. In bai yi haka ba, kirari ya yi wa mai gida, kada ya kira shi tarihi.