Kwamfuta Mai Duba Lafiyar Kanta: Ina Iyakar Kāriyarta?

Duk ɗalibin da ya taɓa duba sakamakon jarrabawarsa ta intanet ya yi hulɗa da wata irin na'ura mai ƙwaƙwalwa da ake kira sabar. Ita sabar babbar kwamfuta ce wadda ke adana bayanai, tana kuma biyan buƙatun dubban ƙananan kwamfutoci da wayoyi ba dare ba rana. Kamfanonin da ke tsara manhajar da ke tafiyar da ita sukan yi alkawarin abubuwa uku a duk lokacin da za su fito da sabon zubi, wato rumbun ajiya mai ƙarko, da haɗa na'urori su zama gungu, da kuma sa ido kan lafiyarsu. Babu shakka waɗannan ci gaba ne na haƙiƙa. Sai dai kuskure ne babba makaranta ko asibiti ko banki su ɗauka cewa da zarar sun mallake su, bayanansu sun tsira ke nan.

Yadda Tsarin Yake Aiki

Manhajar Windows Server ta kamfanin Microsoft ta isa misali. A zubin shekarar 2016 ne kamfanin ya shigo da tsarin Storage Spaces Direct, wanda ke tattara fayafayan ajiya na sabar 2 har zuwa 16 su zama rumbu guda, kuma tsarin ya ɗore har zuwa Windows Server 2025 da aka fitar a watan Nuwamba na 2024. A ɗaya daga cikin hanyoyinsa, akan rubuta kowane bayani sau uku a kan sabar uku dabam-dabam. Saboda haka ko biyu sun lalace a lokaci guda, bayanin yana nan. Tsadar wannan kāriya ita ce, wanda ya sayi wurin ajiya na tarabait 30, tarabait 10 kaɗai zai mora.

Batun gungu kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace sabar takan aika wa 'yan uwanta ɗan saƙo duk daƙiƙa ɗaya, wanda masana ke kira bugun zuciya. Idan aka daina jin bugun wata, sai sauran su karɓe aikinta. To, in wayar da ta haɗa su ce ta tsinke fa, kowane ɓangare yana zaton ɗayan ne ya mutu? A nan sai a koma ga ƙuri'a. Ɓangaren da ke da rinjaye shi ke ci gaba, alal misali uku daga cikin biyar, ragowar kuma su dakata, domin kada a sami rubutu biyu masu saɓa wa juna.

Abu na uku shi ne sashen kula da lafiya. Shi ke lura da faifan da ya fara gazawa, ko fankar da ta tsaya, ko rumbun da ya kusa cika. Idan faifai ya mutu, sai ya tsame shi daga aiki, a sake gina kwafin da aka rasa a kan sauran, ya kuma kunna 'yar fitila a jikin faifan domin ma'aikaci ya gane wanda zai sauya.

Darasi Daga Jikin Ɗan Adam

Ɗalibin ilmin halittu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Jikin mutum yana auna zafinsa da kansa, ya riƙe shi a wajen digiri 37 na ma'aunin Salshiyas, kuma wannan daidaito ne masanin nan na Amurka, Walter Cannon, ya yi wa bayani a littafinsa na 1932. Haka nan mutum yana da ƙoda biyu, yana kuma iya rayuwa da ɗaya. Amma ƙoda ta biyu maganin rashin ta farko ce kawai. Idan guba ta shiga jini, ko ciwon sukari ya yi ƙamari, duka biyun ake taɓawa, domin jini ɗaya suke tacewa. Nan ne iyakar gungun sabar ma take, kuma ta fuska uku ake ganinta.

Ta farko, kwafi ba ya bambance daidai da kuskure. Idan ma'aikaci ya goge sakamakon ɗalibai bisa kuskure, ko ɓarayin intanet suka kulle bayanai suna neman fansa, nan take ɓarnar za ta bayyana a kwafi ukun gaba ɗaya.

Ta biyu, akwai masifar da ke aukar wa kowa tare. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, wasu masu hulɗa da shi kuwa suka yi asarar bayanansu domin ajiyarsu ta ko-ta-kwana ma a harabar take. Sannan ranar 19 ga Yuli, 2024, wani gurɓataccen sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tsayar da na'urori masu Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tagayyara. Na'urori iri ɗaya ciwo ɗaya ke kayar da su, kamar yadda cutar dankali ta yi wa gonakin Ailan tun daga 1845, inda yawancin talakawa suka dogara ga iri guda.

Ta uku, ba kowane ciwo ke nuna alama ba. A wani binciken da injiniyoyin Google suka wallafa a 2007 kan fayafayai fiye da 100,000, an gano cewa kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alamar gargaɗi ba a ma'aunan da ke jikinsu. Hawan jini ma haka yake yi wa mutane da dama.

Abin da Ya Kamata a Yi

Wani zai ce ai manhaja tana ƙara wayo kullum, wata rana ba za a buƙaci mutum ba. Gaskiya ne ta rage wahala ƙwarai. Amma Hausawa da suka ce in kunne ya ji jiki ya tsira, sun gindaya sharaɗin a sami kunnen. Gargaɗin da ya faɗa akwatin saƙon da ba mai buɗewa daidai yake da babu, kuma manhaja ba ta iya zare mataccen faifai ta sa sabo.

Don haka duk hukumar da ke shirin sayen irin wannan tsari, wajibi ne ta ware kuɗi don abubuwa huɗu. A riƙe kwafi uku na muhimman bayanai a kan kayan ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini mai nisa. A riƙa gwada dawo da bayanai daga wannan ajiya lokaci-lokaci. A tanadi wutar lantarki ta biyu, musamman inda ɗaukewar wuta ta zama ruwan dare, domin sabar goma da ke kan layi ɗaya tare suke mutuwa. A kuma horar da ma'aikaci, a biya shi yadda zai zauna.

Malamai da ɗalibai ma suna da nasu rabon. Takardar maki ko kundin binciken da ke cikin waya ɗaya tak yana cikin haɗari, kuma yau ce ranar yi masa kwafi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.