DAGA GINDIN KUFENA: Wuƙar Likita Ba Ta Yanke Damuwa

Yau dai na ajiye ƙagaggen labari gefe, maganar cikin gidanmu na zo muku da ita, kuma sai da na nemi izinin mai ita, ta yarda bisa sharaɗin ba zan ambaci sunanta ba.

Yayata ce, 'yar gwaggona, tare muka tashi a cikin birnin Zariya. Tun tana firamare Allah ya hore mata jiki, 'yan ajinsu suna tsokanarta da "buhun gero", ta dawo gida tana kuka. Bayan aure da haihuwa uku sai ƙibar ta wuce misali, hawan jini da ciwon suga suka shigo, gwiwoyi suka gaza, har salla a zaune take yi. A shekarar 2022 maigidanta ya sayar da filinsa ya kai ta Masar aka yi mata tiyatar rage ƙiba.

Ita wannan tiyata iri biyu ce aka fi yi. Akwai wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar siriri kamar ayaba. Akwai kuma wadda ake ware 'yar aljihu kamar girman ƙwai a saman tumbin, a haɗa ta da hanji kai tsaye, abinci ya riƙa tsallake sauran. Wannan ta biyun aka yi wa Yaya.

Kafin shekara ta zagayo Yaya ta zube, suga ya sauka, aka kwashi ɗinkunanta aka kai wa tela ya rage. Duk gidan biki sai ka ji ana "Masha Allah, wance kin koma budurwa!" Kowa jikin yake kallo, ba wanda ya tambayi zuciyar.

Ashe da can, duk sanda ranta ya ɓaci, kicin take shiga ta huce a kan abinci. Cincin, dublan, tuwo da miyar taushe, su ne abokan hirarta. To yanzu cokali huɗu ta ƙoshi, in ta ƙara sai amai, in ta taɓa zaƙi sai jiri da zufa. Damuwa tana nan daram, abin da take lallashin kanta da shi kuma ya tafi. Barci ya ƙaurace mata. Ana haka wata ƙawarta ta miƙo mata kwalbar maganin tari, wai ta ɗan kurɓi murfi guda za ta yi barci.

Ranar da na je gidanta kwana, ina neman dardumar salla na jawo durowar ƙasa, sai ga kwalabe naɗe cikin tsohon zani. Gabana ya faɗi. Na ce, "Yaya, mene ne wannan?" Ta yi shiru, can sai hawaye. Ta ce, "Ƙanwata, don girman Allah ki rufa mini asiri. Wallahi ban san yadda aka yi na kai nan ba."

Ni ma a lokacin ban sani ba, sai daga baya likita ya fahimtar da mu. Bayan irin wannan tiyata, abu mai ruwa ba ya daɗewa a ciki, zarcewa yake hanji ya shiga jini da sauri. A kan giya aka fi gano haka: kaɗan za a sha amma ta bugar fiye da da. Masana na Jami'ar Pittsburgh a Amurka sun bibiyi mutum sama da 2,000 da aka yi wa tiyatar, a 2017 suka bayyana cewa kusan mutum 1 cikin 5 na waɗanda aka yi wa irin ta Yaya sun nuna alamun matsalar giya cikin shekara 5, alhali da ba su da ita. Kuma abin ya fi kunno kai daga shekara ta biyu, lokacin da 'yan dubiya sun watse, kowa yana ganin an warke.

Na san wata za ta ce, "Mu Musulmi ne, ina ruwanmu da giya?" 'Yar uwa, shaye-shaye ya san hanyar ɗakunanmu. Ku tuna 2018 da BBC ta fito da rahoton kodin, wanda ya nuna yadda abin ya yi katutu a Kano, har gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun shekarar. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumomin Najeriya na 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 suna ta'ammali da ƙwayoyi, kuma 1 cikin kowane 4 mace ce. Ga shi wasu magungunan ruwa da wasu haɗe-haɗen kwalba na gyaran jiki akwai barasa a cikinsu, in ba ki karanta takardar ba, ba za ki sani ba.

Abin da ya fara taimakon Yaya, za ku yi mamaki, wayarta ce. Ashe tun dawowarta wata nas ta asibitin can tana turo mata tambayoyi ta WhatsApp: yaya barci, yaya cin abinci, kin sha wani abu ban da abin da likita ya rubuta? Ita kuwa ta daina buɗewa. A daren muka zauna ta amsa gaskiya. Ta ce mini abin da ba za ta iya faɗa wa mutum ido da ido ba, ta iya rubuta shi a waya, don waya ba ta zaro ido, ba ta kai gulma gidan suna.

Wannan dabara ce likitoci a Turai da Amurka suke ta gwadawa: saƙonnin tunatarwa, manhajar da za ki riƙa rubuta halin da kika wuni a ciki, da gajerun tambayoyi irin guda 10 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don gano mai shirin faɗawa matsalar giya. Amfaninta shi ne a kama abu tun yana ƙarami, ai da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Amma fa waya ƙararrawa ce kawai, ba ta ɗaukar mutum ta kai shi asibiti. Nas ɗin cewa ta yi lallai a ga likita a gida, kuma kada a yanke maganin dare ɗaya ba da kulawarsa ba. Da ƙyar muka sanar da maigidan, ya yi faɗansa ya huce, shi da kansa ya riƙa kai ta. Ni kuma aikina kullum bayan la'asar mu taka ta hanyar Wusasa, muna hangen Dutsen Kufena, tana amayar mini da abin da ke ranta. Alhamdulillahi yau an daɗe rabonta da kwalba, kodayake ta ce har yanzu akwai daren da take kokawa da zuciyarta.

Ƙannena, ga tawa shawarar. Ku daina yi wa mai jiki ba'a, ba ku san ramin da kuke tura ta ba. Ku guji 'yan tallan shayin rage tumbi da "sha ka fashe" a TikTok da Facebook, wayar da take ceto ita ce kuma take halakarwa. In kuna da wadda aka yi wa tiyatar nan, kada dubiya ta ƙare a wata na farko. In kuma ke ce kika tsinci kanki da kwalba, akwai sashen masu kula da irin wannan lalura a asibitin koyarwa na Shika da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, kuma a 2022 hukumar NDLEA ta buɗe layin waya na kyauta don masu neman taimako. Zuwa can ba hauka ba ne, neman magani ne.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ku sa Yayata a addu'a, Allah ya shirye mu baki ɗaya. Ina jiran wasiƙunku, sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum, daga birnin Zazzau.