Robar hannun moto ba kayan ado ba ce

A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, moto ta zama dokin talaka: ita ke kai ma'aikaci wurin aiki, ita ke kai mara lafiya likita, ita ce kuma gonar ɗan kabu-kabu. Da zarar an sayi sabuwa, sai a ga saurayi ya nufi kasuwa domin ya sauya robar hannunta. Sauyin ba laifi ba ne. Laifin shi ne yawanci launi da ƙyalli ake dubawa, alhali ta wannan roba ce hannun dama ke ba da wuta, daga kanta kuma yatsu ke miƙewa su kama birkin gaba.

Abu na farko shi ne awo. Galibin ƙananan motocin da ke bisa hanyoyin Nijar, kaurin ƙarfen hannunsu milimita 22 ne. Akwai manya masu milimita 25, kuma robarsu ba za ta zauna daram a kan ƙarama ba. Sannan robobin biyu ba ɗaya ba ne: ta dama ta fi faɗin baki, domin tana hawa bisa bututun filastik wanda ke jan wayar wuta. Wanda ya musanya su, ta hagu za ta yi ta juyi, ta dama kuma sai an tsaga ta.

Abu na biyu shi ne ingancin robar. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, sai roba mai araha ta yi danƙo ko ta tsattsage. Mai ƙarfe mai walƙiya kuwa, ƙuna take yi idan moto ta wuni a rana, ta yi santsi idan hannu ya yi gumi. Mai kauri ainun tana nisanta yatsu da birki, mai tauri kuma tana isar da karkarwar inji ga tafin hannu har yatsun mai wuni bisa hanya su mutu. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan kuwa har da lahiya take tahiya.

Abu na uku shi ne sakawa. A yanke tsohuwar da reza a hankali, kada a ji wa bututun ciwo. A goge ƙarfen sarai. Kada a kuskura a shafa giris ko baƙin mai don roba ta shige da sauƙi, domin abin da ya shigar da ita shi zai zare ta wata rana cikin gudu. Gam ɗin roba kaɗan ya isa, ko alkol wanda ke bushewa da kansa, kuma kada gam ya tsiyaya ƙarƙashin bututun. A bar ƴar tazara tsakanin roba da gidan makunnai, a bar aikin ya kwana. Kafin a hau, a murɗa wuta a saki, a karya kan moto dama da hagu a sake gwadawa. In hannun bai koma da kansa nan take ba, aiki bai ƙare ba.

Wasu za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma rahoton Hukumar Lahiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna sama da mutum miliyan 1 ke rasuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma wutar da ta maƙale a bakin kasuwa sakaci ne. Ya kamata makanikai su ƙi saka robar da ba ta dace ba ko da mai moto ya nace, shugabannin ƴan kabu-kabu kuma su riƙa duba hannun wuta kamar yadda suke duba birki da taya. Fasinjan da ke zaune a baya ba shi ya zaɓi robar ba, amma idan ta zame, tare da shi za a faɗi.