Bishiyar da ke riƙe busassun ganyenta har sanyi ya wuce

A wannan makon za mu leƙa Turai mu duba wata bishiya da Turawan Ingila ke kira hornbeam, masana tsirrai kuma suka san ta da Carpinus betulus, sunan da Carl Linnaeus ya raɗa mata a 1753. Ba ta da sunan Hausa domin ba ta fitowa a ƙasarmu. Gidanta ya faro daga kudancin Ingila, ya ratsa Faransa da Jamus da Foland, har Turkiyya da arewacin Iran. Na zaɓe ta ne saboda tambayar nan da malaman bayoloji ke so: me ya sa bishiya ke zubar da ganye? Yawancinmu mun haddace amsa ɗaya, alhali tambayar ta fi haka faɗi.

Tsayinta yakan kai mita 15 zuwa 25. Ɓawonta toka-toka ne mai sulɓi, amma gangar jikinta a murɗe take, da kwari da tudu, kamar damtsen ɗan dambe. Da wannan ake gane ta ko babu ganye ko ɗaya a kanta.

A watan Afrilu, bayan sanyi ya ja baya, sai ta fito da furanni masu reto kamar ƙananan geza. Na miji da na mace duk a bishiya ɗaya suke, kuma iska ce ke kai garin furen daga wannan zuwa wancan, shi ya sa ba su da ƙamshi ko launin jan hankalin zuma. Sabon ganyen yakan fito a nannaɗe, da layi-layi kamar an yi masa karin guga, bakinsa kuma da haƙora irin na zarto. Daga Yuni zuwa Agusta ganyen ya yi kore shar, inuwa ta yi duhu, 'ya'ya na nuna. Kowace ƙwaya tana manne da fiffike mai yatsu uku, wanda ke sa ta juyawa a iska idan ta faɗo, ta sauka nesa da uwar.

Wajen Oktoba ne labarin ke daɗi. A Landan, yini yakan kai kusan awa 16 da rabi a Yuni, amma a Disamba bai cika awa 8 ba. Ku kwatanta da Kano, inda bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Da bishiyar ta ji yini na raguwa, sai ta fara rusa kulorofil, wato sinadarin da ke sa ganye kore, ta janye abin amfanin da ke ciki ta ɓoye a rassa. Launin ɗorawa da ke fitowa ba sabo ba ne. Dama yana nan, koren ne ya rufe shi. Dalilin duk wannan shiri kuwa ruwa ne: idan ƙasa ta daskare, saiwa ba ta iya zuƙo shi, ganye kuma ƙofa ce da ruwa ke fita. Kukarmu ma abin da take gudu ke nan da rani, sai dai ita fari ne ya hana ta ruwa, ba ƙanƙara ba. Gawo kuma ya saɓa wa kowa, da damina yake tuɓewa. Don haka wanda ya rubuta "saboda sanyi" kawai a jarrabawa, rabin amsa ya bayar.

Ga inda hornbeam ta yi nata halin. A al'ada, wani siririn layi na ƙwayoyin halitta yakan samu a gindin ganye, ya raba shi da reshe har ya faɗi. A ƙananan bishiyoyin hornbeam, da waɗanda ake askewa a yi shinge da su, wannan layin ba ya kammaluwa da wuri. Ganyen ya mutu, ya zama ruwan ƙasa, amma yana nan maƙale yana kacau-kacau a iska duk tsawon hunturu, sai sabon toho ya zo ya ture shi. Wannan ya sa masu lambu ke ƙaunarta, domin shingenta yana tsare ido ko a Janairu.

Itacenta na cikin mafi tauri a Turai, sunanta ma daga kalmar ƙaho ya samo asali, haɗe da tsohuwar kalmarsu ta bishiya. Da shi ake yin karkiyar shanun noma, da haƙoran injin niƙa, da katakon da mahauta ke sara nama a kai. Yana kuma yin gawayi mai zafi.

A dajin Epping, a gefen Landan, talakawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna samun itacen girki daga gare ta ba tare da sun kashe ta ba. Sukan sare rassan daga sama, inda bakin shanu da barewa ba ya kai wa sabon toho, su bar gangar ta sake tofowa, bayan wasu shekaru su dawo. Wanda ya taɓa ganin makiyayi a kan gawo yana sassabe wa dabbobinsa ganye da rani ya san dabarar. A ganina wannan ya fi duk wani abu game da bishiyar burgewa. Dokar 1878 ta ceci dajin daga masu killace shi, amma saran ya tsaya a bayanta. Rassan da aka bari sun yi ta girma har suka yi wa tsofaffin gangunan nauyi, wasu suna tsagewa, inuwa kuma ta hana ƙananan tsirrai fitowa a ƙasa. Yanzu masu kula da dajin sun koma suna rage rassan a hankali, bishiya bayan bishiya, don kada saran ya zo wa tsofaffin da ƙarfi su mutu.